Kanti A Jikin Gida: Mas'alar Attajiri Da Maƙwabcinsa

Yau muna so mu taɓo wata mas'ala wadda ta daɗe tana ɓata tsakanin maƙwabta a birnin Kano, watau mayar da gidan kwana ya zama wurin ciniki.

Ku sani mutanen da ba su zauna kara zube ba. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya kafa Kasuwar Kurmi, kowace sana'a tana da muhallinta: marina a Ƙofar Mata, majema da nasu wuri, maƙera da tasu unguwa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa suka yanka nasu tsari, suka keɓe Nasarawa, suka kafa Sabon Gari a 1913, Kwarori kuwa aka zaunar da su a Fagge ta Kudu. A can Kwara yakan yi kanti a gaba, iyalinsa suna ciki. Sannu a hankali kanti ya cinye gida, har aka sami Kantin Kwari. Shi ya sa har yau ɗan kasuwar Kwari yakan ce shagonsa yana gidan wane, alhali babu mai kwana a ciki sai dilolin atamfa da shadda.

To, abin da ya faru a Kwari shi ne yake bin manyan tituna ɗaya bayan ɗaya. Mutum ya sayi gida a bakin titi, ya rushe, ya ta da bene mai shaguna. Bisa Dokar Filaye ta 1978, ƙasa amana ce a hannun gwamna, kuma takardar shaidar mallaka tana faɗin abin da aka ba da filin dominsa, ko zama ko ciniki. Wanda yake son sauyawa sai ya nemi izini, ya biya kuɗi, kana Hukumar Tsara Birane, wadda ake kira KNUPDA, ta duba zanen gininsa. Wannan rangwame yana da amfani, gama titin da motoci suka cika ba ya daɗin kwana. Amma fa mutumin da yake bayan katanga, shi sau da yawa ba ya jin labari sai ranar da tifa ta juye yashi a ƙofar gidansa.

A nan ne muke tunatar da malamai cewa littattafan da suke karantarwa a zaure ba su bar wannan babi ba. Mai Risala ya hana mutum buɗe taga kusa wadda za ta tsinkayi cikin gidan maƙwabci, ya hana buɗe ƙofa daura da ƙofarsa, da haƙa abin da zai cuce shi. Shehu Halilu a Muhtasar ya ƙara da hayaƙi, da wari irin na jima, da abin da zai raunana bango, har ya ambaci kanti a daura da ƙofar wani. Dalili a fili yake: mai kanti yini yake a zaune, idonsa a kan duk mai shiga da fita, iyalin mutum kuwa suna da hurumi. Amma kada maƙwabci ya zaci kome nasa ne. Shi dai wannan littafi bai hana ɗaga gini ba, bai hana tare haske ko rana ko iska ba sai ga masussuka, bai kuma hana ƙara irin ta bugun tufa ba. Ashe attajiri ma yana da haƙƙinsa. Bene ya halatta gare shi. Tagar da take kallon tsakar gidan mutane ita ce abin toshewa.

Attajirai kuma su lura da cewa takarda ba ta tare ruwa. A watan Agusta na 2022 ambaliya ta shiga Kantin Kwari ta jiƙa dukiya mai yawa, 'yan kasuwa da dama suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka aza bisa magudanai. Izinin wata gwamnati ma ba lalle ya tsira a hannun ta bayanta ba. A watan Yuni na 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi. Masu shagunan suka kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya ta yanke musu diyyar naira biliyan 30, daga bisani aka yi sulhu a kan biliyan 3.

Saura mas'ala guda da muke miƙa wa malamai, domin Shehu Halilu bai ga injin janareto ba. Mai shago ya jingina shi da bangon ɗakin wani, yana ruri tun hantsi har bayan lisha, almajirai ba sa jin muryar malaminsu. Shin ƙara ce irin ta mabuga, wadda aka yi rangwame a kanta? Ko kuwa hayaƙi ne, ko girgiza mai cin bango, waɗanda aka hana? Mu dai a namu gani ya fi kusa da na biyun, gama mabugi yakan gaji ya ajiye ƙotarsa, kuma ba ya turnuƙe ɗakin kowa. Wanda yake da nassi saɓanin haka ya rubuto, za mu buga.