2,147,483,647: Lambar da tsofaffin manhajoji ba sa iya tsallakewa

Akantan da ya saba da kasafin kuɗi na tiriliyoyi ba zai ga abin mamaki a biliyan biyu da 'yan kai ba. Amma lambar 2,147,483,647 ta sha bamban, domin a kanta ƙidayar kwamfutoci da dama take tsayawa cak.

A wurin masana lissafi, lamba ce mara, kuma tana cikin jinsin da ba sa rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu. Idan aka jera 2 sau 31 aka yi ta ninkawa, sannan aka debe ɗaya, ita za a samu. Irin waɗannan ana danganta su da Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe na ƙarni na 17, kuma ita ce ta takwas a jerin da ya fara da 3, 7, 31 da 127. Leonhard Euler ne ya tabbatar da rashin rabuwarta a 1772, lokacin da ganinsa ya kusa tafiya baki ɗaya. Har zuwa 1867 ba a san wata mai wannan siffa da ta fi ta girma ba.

Yadda ta shigo ofis kuwa, tsarin ajiya ne ya jawo. Manhajoji da yawa suna ware wa kowace lamba gurbi 32, kowane gurbi sifili ko ɗaya. Gurbi guda na nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa da shi, saura 31, kuma iyakar abin da za su ɗauka ita ce wannan lamba. Da an ƙara ɗaya, sai ƙidayar ta juya zuwa ƙasa da sifili. A Disamban 2014 YouTube ya sanar cewa ya koma gurbi 64, ganin masu kallon bidiyon Gangnam Style sun kai wannan adadi.

Ga inda ya kamata ma'aikaci ya buɗe ido. Manhajar da ke lissafi da kwabo a wannan tsari ba za ta wuce naira 21,474,836.47 ba, kuɗin da bai kai na ƙaramar kwangila ba. Lambobin NIN da BVN kuma alƙaluma 11 ne, ita kuwa 10, don haka ba za su shiga ba.

Akwai kuma ranar da ake jira. Na'urori da dama suna ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairun 1970, kuma ƙidayar za ta cika ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya. Duk wadda ba a gyara ba, agogonta zai koma Disamban 1901. Takardun fansho da lamunin gida masu dogon wa'adi tuni suna ɗauke da ranakun da suka zarce 2038.