Jaririn da Ke Gajiya a Kan Nono

A kan nono ake fara gane ciwon zuciyar jarirai. Jariri ya kama, ya ɗan tsotsa, ya saki yana haki, gumi na tsattsafo masa a goshi ko da hunturu ne. Wata biyu, wata uku, jiki ya ƙi yin kumari. A ƙauyukan Gaya da Ajingi, inda har yanzu ake yawan haihuwa a gida, akan ɗora laifin a kan mai jego, a ce nononta ba shi da kyau, ko a kira wanzami ya cire beli. Sau da yawa kuwa matsalar a zuciya take.

Kusan jariri 1 cikin 100 ake haifa da tawaya a zuciya. Wadda ta fi yawa ita ce huda a bangon da ya raba ɗakuna biyu na ƙasa. Ta nan jini ke kwarara zuwa huhu fiye da kima, shi ya sa haki da limoniya ba sa barin yaron. Akwai kuma irin da jini ba ya samun isasshiyar iska. Fatarmu ba ta nuna wannan sosai, sai a buɗe baki a duba harshe da dasashi: in sun yi shuɗi-shuɗi, musamman yana kuka, kada a jira ranar suna, a kai shi asibiti.

Zuciya tana haɗuwa ne a makonni 8 na farkon ciki, kafin wata ma ta san tana da shi. Galibi ba a gano dalili, amma ciwon sukari da ƙyandar Jamus ga mai ciki suna ƙara haɗarin, haka ma auren zumunci, ko da yake ba a son jin wannan.

Likita a Babban Asibitin Gaya zai iya jin baƙon sauti da abin sauraren ƙirji, amma tabbaci sai an bi ta Wudil zuwa Kano, an ɗauki hoton zuciya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ƙaramar huda takan toshe da kanta. Babba kuwa, magani yana rage ruwa a huhu ne kawai, gyara sai tiyata. Tun 1974 aka fara tiyatar buɗe zuciya a Najeriya, a Inugu, amma kuɗinta miliyoyin naira ne, shi ya sa iyaye ke neman tallafin gidauniyoyi irin ta ɗan ƙwallo Nwankwo Kanu, wanda shi ma an taɓa yi masa aikin zuciya a Amurka.