Ciyawar da ta ciyar da mutanen Irlanda

Irlanda tsibiri ne a yammacin Turai, kusa da Ingila. Ruwan sama ba ya yanke musu, ƙasar kore ce shar. Duk da haka sun ga yunwa. A shekarar 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin turawa, wanda shi ne cimakar talakawa. Dankali ya ruɓe cikin ƙasa shekara bayan shekara. Zuwa 1852 mutum wajen miliyan 1 sun mutu, wasu miliyan 1 sun yi ƙaura.

Waɗanda suka rage sun koma ga haki, kamar yadda mutanenmu suka koma ga anza a 2005. Cikin abin da suka tsinka akwai wani ganye mai ƙaiƙayi da Faransawa ke kira orti. Wanda ya taɓa shi da hannu zai ji zafi kamar harbin kiyashi. Amma da ya shiga ruwan zafi, ƙaiƙayin ya mutu. Mata suna tsinkar sabon toho kawai, su dafa shi da madara da garin hatsi ya zama miya. Tsofaffi suna cewa a ci shi sau uku a watan Mayu don wanke jini. Jini ba ya wankuwa da ganye, amma orti yana da sinadarin ƙarfe wanda jini yake bukata, kamar zogale.

Mazauna bakin teku kuma suna tsintar wata ciyawar ruwa mai suna karagin. Su shanya ta, su tafasa da madara har ta yi kauri, su ba mai tari.

Ba kowane haki ba ne aboki. A bakin rafukansu akwai tsiro mai farar saiwa, mai kama da abin ci. Yana kashe shanu, yana kashe mutane.

Yaya wannan sani bai ɓace ba? Daga 1937 zuwa 1939 gwamnatin Irlanda ta sa ƴan makaranta wajen 50.000 su tambayi kakanninsu, su rubuta abin da suka ji cikin littattafansu. An adana littattafan a Dublin, babban birnin ƙasar, kuma har yau ana karanta su.