Fadar Sarkin Unguwa: Ta Wace Ƙofa Ake Shiga?

 Akwai tambaya guda da ba ta barin bakin mutanenmu a Briqueterie duk sa'ad da wani abu ya taso, ita ce: wa za a gani? Ko gobara ce ta ci gida, ko maƙwabci ne ya ci iyaka, ko an wayi gari an ga alamar rusau a jikin bango, ko kuwa baƙo ne ya rasu ba a san danginsa ba. Wani ya ruga wurin 'yan sanda, wani ya nemi ɗan siyasa, wani kuma ya ba ɗan kamasho kuɗi don ya shige masa gaba. Sai abu ya lalace sannan a tuna da fada. A wannan wata mun ga ya kamata mu duba mece ce sarautar unguwa a idon dokar Kamaru, me take iya yi, me ya fi ƙarfinta, da kuma yadda ake isa gare ta.

Yadda aka faro

Kakanninmu fatake ne. Sun iso Yawunde tun zamanin Jamus, bayan da Jamusawa suka kafa sansaninsu a nan a 1889. A zamanin Faransa ne aka tsugunar da su a wannan wuri da Ewondo ke kira Ekoudou, wanda ya sami sunan Briqueterie saboda masana'antar bulo da aka taɓa yi a cikinsa. Al'adar Bahaushe ce duk inda ya yada zango sai ya tsayar da abu biyu, liman da sarki. Haka aka yi a Kumasi inda ake da Sarkin Zango, haka aka yi a unguwar Sabo ta Ibadan. Sarki shi ke saukar da baƙo, shi ke tsaya masa, shi ke raba gardama tsakanin mai kaya da dillali, kuma shi ne bakin jama'a a gaban masu ƙasa.

Abin da doka ta ce

Dokar da ta tsara sarautun gargajiya a Kamaru ita ce mai lamba 77/245 ta ranar 15 ga Yuli, 1977, zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo. Ta kasa sarauta hawa uku. Sarki mai daraja ta 1 firaminista ne ke tabbatar da shi, mai daraja ta 2 ministan mulkin cikin gida, mai daraja ta 3 kuwa, wato na ƙauye ko na unguwa a cikin birni, firefe ne ke sa hannu a takardarsa. Kafin a kai ga haka sai hukuma ta tuntuɓi dattawan da al'ada ta ba su ikon zaɓe. Mu a nan muna cikin gundumar Yawunde ta 2, a ƙarƙashin firefen Mfoundi.

Dokar ta ɗauki sarakuna a matsayin mataimakan hukuma. Aikinsu shi ne isar da umarnin gwamnati ga jama'a, taimakawa wajen tsaron lafiya da zaman lumana, da kuma sasanta mutanensu bisa al'ada. Tun 2013 aka yanka musu alawus na wata-wata: sefa 200,000 ga mai daraja ta 1, sefa 100,000 ga ta 2, sefa 50,000 ga ta 3. Duk wanda ya san yawan baƙin da ke cin tuwo a zauren sarki ya san wannan kuɗi bai taka kara ya karya ba.

Akwai wurare biyu da muryar sarki ke da nauyi ƙwarai, amma mutanenmu ba su cika lura ba. Na farko batun fili. Tun dokokin ƙasa na 1974 da 1976, takardar mallaka ta gwamnati, wadda ake kira titir fonsiye, ita ce cikakkiyar shaidar cewa fili naka ne. Kwamitin da ke zuwa duba filin da ba a taɓa yi wa rajista ba kuwa, sufirefe ne shugabansa, kuma sarkin wurin da dattawansa 2 suna ciki. Na biyu majalisun jihohi da tsarin mulkin 1996 ya tanada, waɗanda aka yi zaɓensu na farko ranar 6 ga Disamba, 2020. A kowace majalisa, kujeru 20 daga cikin 90 na wakilan sarakuna ne.

Darasi daga nesa

Don mu gane matsayinmu sosai, bari mu leƙa wata ƙaramar al'umma a Amurka. Sunanta Mikosuki, tana zaune a cikin fadamar Everglades ta jihar Fulorida, yamma da birnin Miami. Yawansu 'yan ɗaruruwa ne kawai, ba su kai mutanen layi biyu na unguwarmu ba. Jikokin waɗanda suka ɓuya a fadama ne lokacin da sojojin Amurka ke kwashe 'yan asalin ƙasar zuwa yamma a ƙarni na 19. A 1957 gwamnati ta amince da 'yan'uwansu Saminol a matsayin ƙabila mai mulkin kanta, su kuwa suka ƙi shiga ciki, suka ce a san su da sunansu. Da suka ga an yi biris da su, a 1959 suka tura wakilai Kyuba ƙarƙashin jagorancin Buffalo Tiger, gwamnatin Fidel Castro ta karɓe su. Ba a daɗe ba, a Janairun 1962, Amurka ta amince da su, Buffalo Tiger ya zama shugabansu na farko.

Abin lura shi ne tsarin da suka yi wa kansu. Suna da rubutaccen tsarin mulki. Suna da babban taro na dukkan baligansu, sannan da majalisar zartarwa ta mutum 5 da ake zaɓa duk bayan shekara 4: shugaba, mataimakinsa, sakatare, ma'aji, da mai kula da dokoki. Suna da makarantarsu, da asibitin shan magani, da 'yan sanda, da kotu. Duk mai magana da su, ko gwamnati ce ko kamfani ko ɗan jarida, ya san hedkwatarsu tana kan hanyar Tamiami Trail, kuma can zai kai takardarsa. Da wannan tsari ne suka kai ƙarar hukumar ruwa ta kudancin Fulorida saboda gurɓata musu fadama, har magana ta je Kotun Ƙolin Amurka a 2004.

Kada a yi mana gurguwar fahimta. Su 'yan asalin ƙasarsu ne masu gwamnati a cikin gwamnati. Sarkinmu ba shi da kotu mai ɗauri, ba shi da 'yan sanda, mu kuma 'yan Kamaru ne kamar kowa, ba abin da muke nema da ya wuce haƙƙin ɗan ƙasa. Amma darasin yana nan daram. Abin da ya sa ake jin su, ƙofarsu guda ce, sananniya ce, kuma su da kansu ta nan suke shiga.

Yadda ake kai magana

To, yaya mutum zai yi in yana da buƙata? Da farko a fara daga ƙasa. Unguwarmu ta kasu kashi-kashi, kowane da mai unguwarsa da shugabannin bulok. Maganar kwata da shara da hayaniyar maƙwabta a nan ya kamata ta ƙare. In ta gagara sai a hau sama, kuma ya fi kyau shi wanda aka fara gani ya raka mutum.

Na biyu, a kiyaye ladabin fada. Ba a faɗa wa sarki kai tsaye, akan nemi iso ta hannun ɗaya daga cikin fadawa ko magatakarda. A tuɓe takalmi, a yi gaisuwa, a ce "Ranka ya daɗe", sannan a faɗi magana a taƙaice. Goron gaisuwa al'ada ce ta girmamawa, ba farashin shari'a ba ne, kuma rashinsa ba ya hana a saurari talaka. Mata ma suna da haƙƙin a ji su. Gwauruwar da ake neman cinye wa 'ya'yanta gado ta samu dattijo ko dattijuwa su raka ta, kada kunya ta sa ta yi shiru.

Na uku, wanda shi ne ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, a rubuta. Mu mutanen amana ne, mun saba a gama ciniki da musafaha da fatiha. Amma ofis ba ya karanta fatiha, takarda yake karantawa, kuma da Faransanci ko Turancin Ingilishi. In an sasanta ku a fada, ku roƙi a rubuta abin da aka yanke, da kwanan wata, da sa hannun shaidu, kowa ya riƙe kofi. In ƙungiya ce daga waje ko ɗalibi mai bincike ke son ganin sarki, ya aiko da wasiƙa tun da wuri, ya bayyana ko shi wane ne da abin da ke tafe da shi.

Na huɗu, a san iyakar fada. Sarki ba ya ba da katin ɗan ƙasa. Yaron da aka makara ba a yi masa takardar haihuwa ba, kotu ce ke ba da hukuncin da zai sa a yi masa. Kisa da fashi da fyaɗe ba abin sulhu ba ne, na 'yan sanda da jandarma ne. Takardar sayen fili da aka yi a gaban mai unguwa tana da amfani a matsayin shaida, amma ba ta zama takardar mallaka ba. Wanda ya ajiye ta a ƙarƙashin katifa shekara 30 yana zaton ya gama, ranar da mai ƙarfi ya zo zai gane da sauran aiki.

Kira ga manyanmu

Ba za mu rufe ba sai mun miƙa roƙo ga iyayenmu sarakuna da dattawa, Allah ya ja zamaninsu. A sanya ranakun zaman fada sanannu, a manna su a ƙofar masallatai. A ajiye littafin da za a riƙa shigar da kowace ƙara da yadda aka ƙare ta. A jawo 'ya'yanmu da suka yi karatu a jami'a su riƙa taimakawa wajen rubuta wasiƙu da fassara. Mu kuma talakawa mu daina tsallake fada muna kai kukanmu inda za a sayar da mu, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hukuma tana auna sarki ne da yawan mutanen da ta gani a bayansa.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Kamaru, ya haɗa kanmu, ya yi wa shugabanninmu jagora. Amin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.