Kashin Kaji a Gonar Barkono: Sahihin Zance da Ƙage

Tun da kuɗin takin zamani ya fi ƙarfin talaka, manoman rani da yawa, daga fadamun Kura da Kadawa har gaɓar Komadugu a Diffa, inda tattasai ya zama dukiyar jama'a, suka ƙara karkata ga kashin kaji. Kuma da yake zantuka sun yawaita a kansa, ya wajaba a rarrabe sahihi da ƙage.

Masu cewa yana ƙone shuka ba su yi ƙarya ba, illa dai rabin magana suka faɗa. Ɗanyen kashi, wanda aka kwaso yau daga akurki aka zuba gobe a gindin dashe, yana ɗauke da gishiri da wani tururi mai kaifi da ake kira amoniya, su ne ke cin ƙananan saiwoyi har ganye ya yi yaushi alhali ƙasa tana da laima. Amma idan aka tara shi wuri guda, ana yayyafa masa ruwa ana juya shi har wata 2 ko 3, sai zafinsa ya mutu, warinsa ya kau, ya yi baƙi ya yi laushi, zafin ruɓewar kuma ya rage ƙwayoyin cutar da ke cikinsa. Hakazalika gaskiya ne cewa wanda ya yi israfi wajen zuba shi zai ga barkononsa ya yi ganye shar, fure kuwa yana kakkaɓewa, domin sinadarin da ke ciyar da ganye ya fi yawa a cikinsa fiye da cikin kashin shanu.

Batun cewa yana mayar da tattasai mai yaji kamar attaruhu kuwa ba shi da hujja, domin asalin yaji daga iri yake.

Abin da ya fi damuna shi ne masu hana mutane amfani da kashin kaji da sunan addini, suna cewa najasa ne, amfanin da ya fito daga gare shi bai halatta ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, kashin abin da ake cin namansa mai tsarki ne, muddin ba najasa yake ci ba. Kai, ko shukar da aka yi wa taki da najasa ma, Mukhtasar na Shehu Halil ya lissafa ta cikin abubuwa masu tsarki. Don haka, ya ɗan'uwa manomi, ka ruɓar da takinka, ka gauraya shi da ƙasa kafin dashe, ka wanke hannunka da sabulu, ka ci barkononka ba tare da waswasi ba.