Ruwa Garai-garai Ma Yana Iya Tanƙwara Ƙashin Yaro

A cikin jikin mutum akwai sassan da aikinsu shi ne riƙe sauran: ƙashi, guringuntsi, agara da jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓi. Masana ilmin halittu suna haɗa su a gida ɗaya, don tushen gininsu ɗaya ne, wato wani zare mai ƙarfi da ake kira kolajin. A ƙashi, sinadaran kalsiyam da fosfat ne ke daskarewa a kan zaren, kamar yadda magini ke cuɗa laka da ciyawa don tubali ya yi ƙwari. Ginin nan a yarinta ake yin mafi yawansa, da abin da yaro ya ci da ruwan da ya sha.

Mutanen Tibirin Gobir, kusa da Maradi, sun ga abin da ke faruwa in ruwan ya ɓaci. A 1985 aka fara ba garin ruwa daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwa fes, ba wari, ba ɗaci. Shekaru suna tafiya, haƙoran yara suka riƙa yin dabbare-dabbaren ja, ƙafafu suka lanƙwashe, wasu kawunansu suka yi girma, wasu tafiya ta gagare su. Da aka auna, sai aka tarar sinadarin fuloraid da ke cikin ruwan ya ninka har sau uku ko fiye abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, wato miligiram 1.5 a kowace lita. Ɗaruruwan yara sun nakasa, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kai a 2002.

Me ya kawo zancen Tibiri ga mutanen Madawa, Buza da Keita? A ƙasar Adar da kwarin Majiya, sabon famfo abin murna ne, kuma ya cancanci murnar. Sai dai fuloraid daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake narkewa, ido ba ya ganinsa, harshe ba ya jinsa. Tafasawa ba ta fitar da shi, ƙara tattara shi ma take yi, tacewa da ƙyalle kuwa ɓata lokaci ne. Awo kaɗai ke tona shi. Don haka kwamitin ruwa na gari yana da haƙƙin tambayar ma'aikatar ruwa takardar awon kowace sabuwar rijiya, a ga har da fuloraid a ciki. Kada kuma tsoro ya mai da kowa ruwan tafki, gudawa ta fi saurin kisa.

Iyaye su riƙa duba bakin yara. In yaran unguwa ɗaya, masu shan famfo ɗaya, haƙoransu na dindindin suna fitowa da fari-fari kamar alli ko ja-ja, kuma goge baki bai cire shi ba, a sanar da likita.

Ba kowace lanƙwasar ƙafa ce ta ruwa ba. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyu kan yi ta, ta miƙe da kanta. Ƙarancin kalsiyam ma yana kawo ta, kuma yana ƙara wa fuloraid ƙarfin ɓarna. Nono, kuka, zogale da riɗi suna taimakawa sosai. Amma in yaro ya wuce shekara uku ƙafa tana ƙara karkacewa, wannan ya fi ƙarfin maɗori. A kai shi asibitin gunduma, a kuma faɗa wa likita daga wace rijiya gidan ke ɗiban ruwa.