2020: Shekarar da ta tafi da manya, ta hana mu zaman makoki

 Yau za mu waiwayi 2020, shekarar da mutuwa ta shiga fada, ta shiga masallaci, ta shiga filin ƙwallo, ba ta bar kowane fanni ba.

Mu fara da wanda ya fi kusa da mu. Ranar 24 ga Nuwamba, tsohon shugaban ƙasa Tanja Mamadu ya rasu a Yamai yana da shekara 82, aka kai shi Maine-Sorowa aka rufe. Tun kafin ya hau mulki a 1999 mutanen Adar sun san shi, don shi ne perefen Tawa daga 1981 zuwa 1988. A zamanin nan ne aka soma aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, a 1984, da taimakon Italiya, inda mata da maza suka jera duwatsu suka dasa itatuwa a kan fako. Da ya zama shugaba kuma, shirinsa na musamman ya kai azuzuwa da ɗakunan shan magani ƙauyuka. Ba a manta da tazarcen 2009 ba, wanda ya ƙare da juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010. Kowa da abin da ya riƙe.

A watan nan na Nuwamba, cikin kwana uku a jere, an yi rashin Amadu Tumani Ture na Mali, da Balarabe Musa tsohon gwamnan Kaduna, da Jerry Rawlings na Gana. Kwana ɗaya bayan Tanja kuwa, sai Diego Maradona, wanda ya ɗaukar wa Ajantina kofin duniya a 1986, ya bi yana da shekara 60.

A ɓangaren sarauta, Sarkin Zazzau Shehu Idris ya rasu ranar 20 ga Satumba, bayan shekara 45 a kan karaga. A ɓangaren ilimi, Sheikh Ahmad Lemu, tsohon babban alƙalin jihar Neja ta Najeriya, ya cika a Minna ranar 24 ga Disamba. Makaɗa ma ba su tsira ba: Manu Dibango na Kamaru a watan Maris, Mory Kante na Gine a watan Mayu.

To, me ya sa rashin ya yi yawa haka? Da farko dai, yawancinsu dattawa ne, shekaru sun ja. Sannan ga cutar korona, wadda aka tabbatar da shigowarta Nijar ranar 19 ga Maris. Ita ce ajalin Manu Dibango, ita ce kuma ta ɗauki ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar ranar 3 ga Mayu, yana kan aiki.

Abin da ya fi yi wa talaka ciwo shi ne rufe hanyoyi. Iyakar Najeriya a rufe take tun Agustan 2019 har tsakiyar Disamban 2020, korona kuma ta ƙara rufe sauran. Ko aikin hajji ba a je ba daga waje. Ɗan ci-rani ya ji rasuwar uwa ko uba ta waya, ya yi ta'aziyya ta WhatsApp, bai samu sadakar uku ba balle ta arba'in.

Waɗanda muka lissafa, jaridu sun rubuta ranakunsu. Amma limamin unguwa, da ungozoma, da maƙeri, da sarkin noma da suka tafi a shekarar nan fa, wa ya rubuta nasu? In tsofaffin da suka san su suka bi su, shi ke nan, labari ya ɓace. Don haka muna roƙon kowane gida: ku zauna da dattawan da suka rage, ku rubuta suna da sana'a da shekarar rasuwa, ko ku naɗi muryarsu a waya ku aika wa na nesa.

Allah ya jiƙan magabata, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.